Hannun da Bai Kai Haɓa Ba

In kana son ka ga ɓacin raina, ce min ƙanina miskili ne. Haka mutanen layinsu suke cewa, haka abokan aikinsa suke cewa, har da masu kawo masa aikin kujera da tebur. Wai Oga Shiru. Wai halittarsa ce, bai iya magana ba. Auta ne bai iya magana ba? Ni da na goya shi har ya sha jiƙa min baya da fitsari, ni za a gaya wa? Wallahi a gidanmu ba a haifi mai baki irin nasa ba, kuma mu mata huɗu ne a gabansa, kowacce bakinta ya ishe ta.

Babanmu ya rasu Auta yana rarrafe. Inna ta riƙe mu da kitso. Tun da safe mata suke shigowa, wata ta kwance kai, wata ta zauna jiran layi, wata ma ba kitson ya kawo ta ba, zuwa ta yi ta sauke abin da ke cinta a rai ta tafi. Tsakar gidanmu 'yar ƙarama ce, igiyar shanya ta raba ta biyu, tabarma ɗaya ce mai kyau, sauran duk sun ci baki. Auta kullum yana gefen Inna, yana miƙa mata mataji da man kitso, kunnuwansa a buɗe. A nan ya koyi magana. Yo ina kuma zai koya? Ba uba, ba wa, ba wani kawu a kusa.

Kuma ya koya da kyau. Ya san in mutum ya zo da damuwa ba a tare shi da shawara, sai a ce, "Sai aka yi yaya?" a bar shi ya koma farko ko sau nawa yake so. Ya iya gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mai jiki, ya tambayi yaron da ya yi zazzaɓi makon jiya, kuma ya tsaya ya ji amsa. In ya ji abin mamaki sai ya tafa hannu, ya riƙe haɓa, ya ce, "Oh ni 'yasu!" sak yadda Inna take yi. Mata su kwashe da dariya, Inna ta ce, "Ku bar min ɗa, bakinsa ne."

Akwai ranar da ba na mantawa. Wata maƙwabciyarmu ɗanta ya rasu, ta daina ci, ta daina magana. Ta shigo gidanmu ta zauna a bakin tabarma, kowa ya ce mata sai haƙuri, ta gyaɗa kai, aka rasa abin cewa. Auta lokacin bai fi shekara goma ba. Ya matsa kusa da ita, ya ce, "Anti, wane wasa ya fi so?" Na kai hannu zan make shi, Inna ta riƙe ni. Matar nan ta dube shi, sai ta fara ba shi labarin wata motar gwangwani da yaron yake ja da zare. Tana faɗa tana kuka, shi kuma yana cewa, "Allah sarki. Sai kuma me?" Kafin ta tashi ta sha shayi har da burodi. Ku riƙe wannan, don ku san cewa abin da ya faru daga baya ba rashin sani ba ne.

Da ya fara tasawa Inna ta ce ba za ta zuba ido namiji ya ƙare a miƙa mataji ba. Ta kai shi wurin wani kafinta a bakin babban titi. Rumfar kwano ce doguwa, benci a gaba, katako jingine a bango, dusar katako har idon sawu, ga rediyo rataye a ƙusa yana ta ɓaɓatu ba mai saurarensa. Maza ne zalla. Su kuma maganarsu daban ce. Zagi ne gaisuwarsu, kuma ba mai jin haushi. "Kai, miƙo." "Riƙe nan." "Ya yi." In an yi doguwar magana, to ƙwallo ce ko tsadar katako. Mutum zai ce maka ina kwana yana tafiya, kafin ka amsa ya kai ƙarshen rumfa.

Bai daɗe da farawa ba, zarto ya yanki Ogansu a hannu. Jini ya zuba. Sauran suka ce, "Sannu Oga," kowa ya ci gaba da abin da yake yi, don a wurinsu haka ake yi, ba a tsayawa a kan ciwon babba. Auta kuwa ya yar da guduma, ya tafa hannu, ya riƙe haɓa.

"Wayyo ni Allah! Oga sannu, sannu ka ji. Mu gani. Allah sarki, da zafi ko? Oh ni 'yasu, wannan jini haka!"

Rumfa ta yi tsit. Sai wani dogon saurayi da suke kira Dogo ya fashe da dariya, har da faɗuwa cikin dusa yana riƙe ciki. Sauran suka ɗauka. Daga ranar sunan ƙanina ya koma Anti. In ya shigo, Dogo ya karya wuya, ya riƙe haɓa, ya siranta murya, ya ce, "Oh ni 'yasu, Anti an iso?" Wata rana ya tarar sun rataya ɗankwali a ƙusar da yake rataye rigarsa. Mai shayin gefensu ya ɗauka, masu faci suka ɗauka, layin gaba ɗaya ya ɗauka.

Ogan ba mugu ba ne, wannan zan faɗa ko ina jin haushinsa. A ganinsa taimako ya yi. Ya ja Auta bayan rumfa ya ce masa, "Kai namiji ne. Namiji ba ya zuba. In an tambaye ka, ka amsa. In ba a tambaye ka ba, ka riƙe bakinka. Hannun nan kuma ya sake zuwa haɓa, sai na buga shi da ƙusa a jikin benci."

Auta bai gaya mana ba sai bayan shekaru. Mu dai mun ga yaro yana dawowa yana raguwa. Ya daina zama kusa da tabarma. In mata sun ja shi da hira sai ya ce, "Uhm," ya shige ɗaki. Hannunsa na dama ya koma zama a aljihu. Sai kuma ya samo wata dabara a wurin aiki. Kun san kafintoci suna riƙe ƙusa a baki in suna bugu, don kada su yi ta sunkuyawa. To shi sai ya mayar da abin ɗabi'a. Ko yanka yake yi, ko gogewa, ko fenti, ƙusoshi suna jere a leɓensa daga safe har yamma. Mai ƙusa a baki ba ya cewa wayyo. Ba ya cewa komai ma.

Dabarar ta yi aiki, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Sunan Anti ya mutu. Aka fara cewa yaron nan akwai nutsuwa, akwai kamun kai. Ya ƙware, hannunsa ya fi na kowa a rumfar, da Oga ya tsufa ido ya yi rauni sai ya damƙa masa shagon. Dogon nan da ya faɗi cikin dusa yana dariya, yau a ƙarƙashinsa yake aiki, Oga yake ce masa. Maganar Auta a waje ba ta wuce cikin cokali ba: "To." "Ba damuwa." "Gobe." "Bari." Ranar da Inna ta rasu yana zaune a ƙofar gida, maza suna zuwa suna cewa sai haƙuri, yana cewa, "Mun gode," idonsa a bushe. Mutane suka yi ta yabonsa.

Wuri ɗaya ne ya rage masa a duniya, kicin ɗina. In ya san maigidana ba ya nan sai ya shigo, ya tura ƙofa, ya kifa bokiti ya zauna a kai. Can sai ka ji, "Ke Yaya, ba ki ji abin da ya faru ba!" Shi ke nan, an kunce. Ya kwaikwayi muryar wannan, ya kwaikwayi tafiyar wancan, ya tafa hannu, in yi dariya har abinci ya kama. A nan ya yi kukan Inna, kansa a kan gwiwata, ƙato da shi. Amma da ya ji tarin maigidana a ƙofar gida, sai ya miƙe, hannu ya koma aljihu, ya ce, "To Yaya, na wuce." Kamar an kashe rediyo.

Matar da ya aura malamar makarantar ƙananan yara ce, Malama muke ce mata. Yarinya mai fara'a, mai son hira, irin wadda in ta je kasuwa ta dawo sai ta ba ka labarin duk wanda ta gani. Da farko shirun nasa ne ma ya burge ta. Ta ce min, "Yaya, ba shi da hayaniya." Na ce a raina, yarinya, za ki ƙoshi.

Na kira shi tun kafin a je ko'ina. Na ce, "Auta, matarka ce fa. Ka yi mata magana yadda kake yi min."

Ya ce, "Yaya, in ta yi dariya fa?"

"Dariyar me?"

"Ke kin saba. Ita namiji ta aura. In ta ji ni haka ta raina ni, ina zan sa kaina?"

Na ce masa shirme yake yi, na ce masa Dogo ba ya kwana a ɗakinsu. Ya yi murmushi kawai. Ashe yana kwana, a cikin kunnen ƙanina yake kwana.

Haka suka zauna. Ta dawo daga makaranta ta kwashe labarin yara ta zuba masa, ya ce, "To." Ta ɗauko kaya biyu ta ce wanne ya fi yi mata kyau, ya ce, "Duk ɗaya." Ta ce yau kanta na ciwo, ba zai ce sannu sau biyu ba, sai ya fita ya dawo da magani ya ajiye. Ƙofa ta yi ƙara ya gyara, kujera ta yi rawa ya gyara, ba abin da ta nema ta rasa. Amma ta zo min wata rana ta ce, "Yaya, ƙaninki kamar da kabad nake zaune. Komai akwai a ciki, amma a kulle."

Na ga kamar gyara zan yi, na ce mata ai Auta ya fi ni surutu, na ba ta labarin kicin da bokiti. Ta ɗauka wasa nake yi. Da ta ga da gaske nake, sai fuskarta ta canja. Ta ce, "To ni me na yi, da ba na cikin waɗanda ake yi wa magana?"

Sun daɗe ba haihuwa. Da cikin ya zo, Auta ya fara makara a shago bayan an tashi. Gadon jariri yake yi. Ya zaɓi katako mai kyau, ya goge shi har ba inda zai karci fatar yaro, ya zagaye kusurwoyin, ya shafa farin fenti. Da kansa ya ɗauko shi a ka tun daga shago, ya ajiye a gefen gadonsu, ya ce, "Ga shi." Malama ta ce min tun da ta aure shi bai taɓa yi mata doguwar magana irin gadon nan ba. Ta shimfiɗa masa zane, ta jera 'yan riguna a ciki, in ta wuce sai ta taɓa shi.

Yarinyar ta zo ba rai. Mace ce.

Da aka sallamo Malama daga asibiti mata suka cika ɗakin, mu da danginta, ana kuka ana rarrashi. Shi yana waje a kan benci da maza. Ina jin su ta taga. "Sai haƙuri." "Allah ya kawo mai zama." Daga nan wani ya ɗauko maganar tsadar mai. Da mutane suka ragu ya shigo, ya tsaya a bakin ƙofa, ya dube ta, ya ce, "Sannu." Ya fita. Na bi shi da ido ina cewa a raina, kai ne fa ka tambayi matar nan wane wasa ɗanta ya fi so.

Washegari da safe tana banɗaki, ya ɗauke gadon. Ta fito ta ga wurin wayam, sai shatin ƙafafunsa a ƙasa, 'yan rigunan an ninke an sa a leda.

Ta ce, "Ina gadon?"

"Na fitar."

"Ka kai ina?"

"Shago."

"Don me?"

Ya ce, "Ba amfani."

Daga ranar ita ma ta rufe nata bakin. Gidan da muryarta kaɗai ke riƙe da shi ya koma sai ƙarar cokali. Ta dafa ta ajiye, ya ci ya fita. In na je sai in ji kamar numfashina zai ɗauke, ɗaki ɗaya, mutum biyu, kowa yana kallon bango daban. Bayan wasu makonni ta kira yayanta a waya ta ce ya zo da mota ranar Asabar ya ɗauke ta.

Na je na same ta tana ninke kaya. Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga min hannu.

"Yaya, ba ya dukana, ba ya zagina, ba ya barina da yunwa. In an tambaye ni me ya yi min, ban san abin da zan ce ba. Amma na haifi 'ya, na ga fuskarta kafin a ɗauke ta. Hancinsa ne da ita sak. Tun ranar nake son in gaya wa wani, kuma shi ne wanin. Bai taɓa tambayata ba. Na ɗauki yarinyar nan wata tara, shi kuma ya ce ba amfani."

Na ce ba haka yake nufi ba.

"To ya faɗi abin da yake nufi. Wallahi Yaya, ko mota ta zo, in ya buɗe baki ya ce min wani abu daga cikinsa, ko mene ne, zan sauke kayana. Ba na son tafiya. Zaman ne ba zan iya ba."

Ana gobe za ta tafi, da la'asar, sai ga shi a kicin ɗina. Bai ma nemi bokiti ba, a ƙasa ya zube, ya jingina da buhun shinkafa. Ya ɗora hannu biyu a ka.

"Wayyo ni Yaya, na shiga uku. Za ta tafi. Wallahi za ta tafi ta bar ni."

Na ce, "Kai ka kore ta da bakinka."

"Ke Yaya, ba ki gani ba ne. Ni na gani. Tun da aka dawo da ita idonta yana kan gadon nan. Ana yi mata magana tana kallonsa, ana ba ta abinci tana kallonsa. Na ce abin nan zai kashe min ita. Na ɗauke don ta huta. Da ta tambaye ni, wallahi maganar tana nan a maƙogwarona, na so in ce mata, ba zan iya ganin kina kallonsa ba, zuciyata tsagewa take yi. Sai na ji bakina ya ce ba amfani. Ban san daga inda ta fito ba. Gadon yana shago bayan katako, na lulluɓe shi. Dogo ya ce a sayar, na ce bari. Kullum sai na leƙa shi."

Yana faɗa hawaye yana bin gemunsa. Ya ce shi ya ɗauki yarinyar a hannunsa ranar da za a binne ta, ya buɗe zanen ya duba. "Yaya, hancina ne. 'Yan yatsunta kuwa na uwarta ne, dogaye haka. Allah sarki, 'yar mitsitsiya, ko nauyin guduma ba ta kai ba. Na so in dawo in gaya mata, in ce kin ga yatsun nan? Na tarar da maza a ƙofa, na zauna a benci."

Ni ma kukan nake yi, amma haushi ya fi yawa. Na ce, "Tashi! Tashi yanzun nan ka je ka maimaita mata, kada ka rage ko kalma ɗaya. Abin da take jira ke nan. Ba za ta yi dariya ba, Auta, na rantse maka."

Ya share fuska ya tafi. Daga baya na ji ya isa har ƙofar ɗakin, ya tarar da ƙanwarta da mijin ƙanwar suna taya ta ɗaure kaya, ya ce, "Sannunku," ya wuce. Ya bar wa safe.

Da sassafe na isa gidan, niyyata in tura su ɗaki su biyu in tsaya a ƙofa. Ina shan kwana na ga an riga ni. Motar yayanta ta riga ta iso, kuma ga benci an fito da shi. Tsohon Oga yana zaune da sandarsa, ga Dogo, ga wasu biyu daga shago. Sun ji labari, sun rufe rumfa, sun zo su tsaya wa Auta. Don Allah ku ji, zumunci ne ya kawo su. Auta yana tsakiyarsu, hannu a aljihu.

Suka yi irin zamansu na maza. Yayan Malama ya ce, "Ta yi maka laifi?"

Auta ya ce, "A'a."

"Kai ka yi mata?"

Tsohon Oga ya karɓe. "Ba laifin kowa. Zafin rashi ne. Mata sai a hankali, a bar ta ta je ta huce."

Yayanta ya ce, "Haka ne."

Shi ke nan fa, an gama. Auren mutum, an gama shi kafin a shanye kofin ruwa.

Na leƙo na ce, "Auta, zo ka ɗaga min akwatin nan, ya yi min nauyi." Ya gane. Na ga ya gane, har ya yunƙura. Sai Dogo ya yi zumbur ya dafa kafaɗarsa. "Haba Oga, muna nan? Zauna." Ya shigo da saurinsa ya sungumi akwatin ya kai mota, ya dawo ya kwashi sauran. Na ji kamar in rufe shi da duka, ga shi bawan Allah taimako yake yi.

Malama ta fito da jakarta a kafaɗa. Ba ta nufi mota ba. Ta zo ta tsaya a gaban bencin, gaban mijinta, a gaban kowa. Muryarta ba ta rawa.

"Ga ni zan tafi. Ba abin da za ka ce min?"

Auta ya miƙe. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallonsa, kuma na ga abin da ban taɓa gani a waje ba tun yana yaro. Hannunsa na dama ya fito daga aljihu. Yana tahowa sama, ya wuce ciki, ya kai ƙirji, ya kai wuyan riga. Leɓensa ya buɗe, idonsa ya kawo ruwa. Na san kalmar da ke zuwa, na sha jin ta. A raina ina cewa, faɗi, ɗan Inna, faɗi.

Sai Dogo ya gyara zama, bencin ya yi ƙara. Iyakar abin da ya faru ke nan. Bai yi dariya ba, bai ma ɗago kai ba. Mutumin da furfura ta fara fito masa, na tabbata ya manta an taɓa yin wata Anti a duniya. Amma Auta ya waiga. Ya ga Dogo, ya ga tsohon Oga da sandarsa, ya ga yayanta yana kaɗa makullin mota. Hannun ya karkace, ya sosa wuya, ya koma aljihu.

Ya ce, "To. Allah ya kiyaye hanya."

Malama ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Amin." Ta shiga mota.

Da motar ta sha kwana, tsohon Oga ya dafa shi ya ce, "Ka yi ƙoƙari. Haka namiji yake." Nan fa na manta da girman kowa. Na wanke su tas, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce sun ɗauki yaron da ya fi kowa baki sun cika masa shi da ƙusa, yanzu ga shi sun zo rakiyar abin da suka kashe. Suka bi ni da kallo, da gaske ba su san me nake faɗa ba. Dogo ya ce, "Yaya, yi haƙuri," wani ya ce a hankali, "Mata ke nan." Auta ya shige ɗaki ya rufe ƙofa.

Bayan kwanaki na shiga mota na je gidan yayanta. Na zaunar da ita na kwashe duk abin da ya faɗa a kicin na gaya mata, da gadon da ke bayan katako, da hancin, da yatsun. Da na zo kan yatsun sai ta dubi hannunta, ta kifa kai a cinyata, ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar asibiti. Na ce to, alhamdu lillahi, ɗauko mayafinki mu tafi.

Ta ɗago ta ce, "Yaya, na yarda. Wallahi na yarda ya faɗa. Amma a bakinki na ji. In na koma, ke za ki riƙa zuwa kina gaya min abin da mijina yake ji? Ki ce masa ina nan, ban rufe ƙofa ba. Ya zo da bakinsa."

Daga tasha ban je gida ba, shago na wuce. Yana tsaye yana haɗa wata kujera, ƙusoshi jere a leɓe, rediyo yana ta ɓaɓatu. Ta bayan katakon da ke jingine ina hango ƙafar gadon, fara, ta leƙo daga ƙarƙashin buhu. Na matsa kusa da shi na rage murya, na gaya masa saƙonta. Na ce mota tana tashi kullum, na ce in yana so ni zan raka shi.

Ya ajiye guduma. Ya sa hannu ya zare ƙusoshin daga bakinsa ɗaya bayan ɗaya, ya riƙe su a tafinsa. Ya buɗe baki ya ce, "Ke Yaya..."

Daga ƙarshen rumfa Dogo ya ɗaga murya. "Oga, a sa wa teburin nan fenti yau ko gobe?"

Auta ya ce, "Gobe."

Ya dubi ƙusoshin da ke hannunsa, ya mayar da su baki.